Yadda Munira Mai Dabino Ta Koma Rabon Goro

Duk wanda ya yi zama a Ƙungiyar Masana Zamantakewa ta Birane Uku, wato Khartoum da Omdurman da Bahri, a 'yan shekarun nan kafin yaƙi ya tarwatsa mutane, ya ci dabinon Munira Salih. Wanda ya ce bai ci ba, ko dai jiya ya shigo, ko kuwa mai mantuwar alheri ne.

Munira malama ce mai kula da matsalolin ɗalibai a wata sakandaren 'yan mata a Omdurman. Wannan shi ne aikin da ake biyanta. Wanda ba a biyanta, kuma wanda ya fi cin takalmanta, shi ne na sakatariyar yaɗa labarai ta ƙungiyar. A ƙa'ida aikin ba shi da wuya. In an ji labarin taron ƙara wa juna sani, ko gurbin karatu, ko wata hukuma tana neman mai bincike, sai sakatare ya rubuta ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan ƙungiya, ya koma shan shayinsa. Haka duk waɗanda suka riƙe kujerar kafin ita suka yi, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifinsu. Munira ma tana jefawa, sai dai ita a wurinta wannan share fage ne kawai. Da ta gama rubutu sai ta zauna tana juya mutane a ranta, tana neman wanda abin zai yi wa daidai. In ta gano shi sai ta naɗa lafayarta, ta ɗebi dabino a 'yar leda, ta tari hafla, ƙaramar bas ɗin nan da ba ta tashi sai ta cika har bakin ƙofa, ta tafi nemansa ko a ina yake.

Ta taɓa tsallake kogi zuwa Soba da tsakar rana don kawai ta gaya wa wata yarinya Nabila, wadda ta gama karatu take zaman gida, cewa ana neman mai ba majinyata shawara a wani asibiti. Nabila ta ce ai ta gani a waya, amma ta ɗauka ba irinta ake nema ba. Munira ta miƙa mata dabino, ta hau gadon igiya ta miƙe ƙafa, ta ce ba inda za ta sai ta ga yarinyar ta sa takalmi. Ta taɓa samun wani malamin jami'a a gidan makoki, ta jira aka shafa Fatiha, ta ja shi gefe ta raɗa masa labarin wani taro a Alƙahira, ta cusa masa dabino a aljihun jallabiya. Ranar da aka rufe gadoji saboda zanga-zanga kuwa, sai ta yi ta zagaye a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, labari yana cinta. Mijinta Muntasir, wanda tela ne a kasuwar Omdurman, yakan ce da ƙungiyar nan tana da imani da tuni ta saya wa matarsa jaki. 'Yan ƙungiya suka sa mata suna da Larabci, Mai Dabino, har wasu sababbin shiga ba su san sunanta na yanka ba.

In aka tambaye ta dalilin wannan wahala, sai ta ce ai waya ba ta da ido, ba ta ganin wanda ya karanta ya karaya. Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Sauran rabin, daga uwarta ta gado abin.

Uwar Munira ita ce Hajja Ummi mai goro. Kakan Hajja Ummi ya baro ƙasar Kano da ƙafa da niyyar Makka, ya iso Omdurman ƙafafu sun kumbura, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun nan har yau zuriyarsa ba su gama shi ba. A unguwarsu ta Hausawa, can bayan kasuwa, ba a yarda an sa ranar aure ko ta suna sai an ga Ummi ta shigo da faifanta a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Abin kuma yana da ƙa'idarsa. Za ta miƙa maka goro, ka karɓa da hannu biyu, ka tambaya, "Goron mene ne?" Sai ta faɗa maka. In kana da uzuri ka faɗe shi kafin haƙori ya taɓa goron. In kuwa ka ɓara ka kai baki, to ka amsa gayya, ranar taro ko da rarrafe ne sai ka zo. Munira tun tana ƙarama take bin uwarta gida-gida, wani lokaci har Aljirif wurin masu buga bulo, har Jabal Awliya wurin masunta. A nan ta koyi cewa labari bai isa ba sai an kai shi da ƙafa, an dubi idon mai shi.

To me ya kawo dabino? A shekararta ta farko a jami'a, Hajja Ummi ta kai mata ziyara da ƙunshin agashe, gasasshen naman nan mai ƙuli da aka san Hausawan Sudan da shi. Suka tsaya a bakin ƙofa suna ta hira da Hausa, suna ƙyaƙyata dariya. Da uwar ta tafi, wata 'yar ajinsu ta dubi Munira sama da ƙasa, ta yi murmushi ta ce, "Ashe ku baƙi ne? To yaushe za ku koma ƙasarku?" Sauran suka yi dariya, ba ma don wata mugunta ba. Munira, wadda kaburburan kakanninta ke Omdurman, ta sunkuyar da kai ta wuce. Maganar ta yi mata ciwo, kuma ciwon bai warke ba. Daga ranar ta riƙa barin Hausa a gida in za ta fita, kamar yadda mace ke tuɓe zanen girki. Ta so ta rubuta kundin digirinta a kan mutanenta, ta fasa, ta rubuta a kan mata masu sayar da shayi a bakin titi. Da ta zama sakatariya, ƙafarta ta ƙi mantawa da aikin uwarta, sai ta musanya goro da dabino, tunda dabino kowa na ci, ba ya tona asirin kowa. A gida kam tana cin goronta, amma ba ta fita sai ta goge baki da asuwaki tas.

'Yan ƙungiya ba su san ƙa'idar ba, balle su bi ta. Kafin ta buɗe baki sun jefa dabino a nasu bakin, sun tofar da ƙwallo. Mutum ɗaya ne ya fita daban, Ustaz Hussein, tsohon malamin jami'a da ya yi ritaya, wanda ke zama can baya kusa da taga a duk taron wata, ba ya magana sai an tambaye shi. Shi kullum da hannu biyu yake karɓa, ya riƙe, ya ce da Larabcinsa mai tsabta, "Wannan na mene ne, Ustaza?" Sai ya ji amsa sannan ya ci. Munira tana ganin girmansa saboda haka, ta ɗauka ladabin mutanen da ne kawai.

Ana nan, wata rana shugabar ƙungiya, Duktura Wafa'a, ta kira ta a waya cike da murna. Wata cibiyar bincike ta ba ƙungiyar gurbin mutum ɗaya. Zai shekara yana nazarin rayuwar jikokin alhazan da suka zauna a bakin Nilu, a ƙarshe ya je Kano ya gabatar da abin da ya samo a wani babban taro. Sharaɗi ɗaya ne, dole ya ji Hausa. Kuma dole ƙungiya ta fitar da sunan mutuminta a taron wata mai zuwa, in ba haka ba a kai gurbin wani wuri.

"Matsalar dai," in ji Wafa'a, "ina za mu samo mai jin Hausa a cikinmu? Ke ce kika san kowa, ki nemo mana."

Munira ta ce to. Ta ajiye waya, ta zauna a bakin gado. Wannan shi ne aikin da ta so tun tana budurwa, ga shi ya biyo ta har ɗaki, da Kano a ƙarshensa. Abin da ke tsakaninta da shi bai wuce ta miƙe a gaban mutanen da ta yi shekara goma sha wani abu tana zama da su, ta ce ni Bahaushiya ce ba. Kuma wannan ɗin ne ta ji ba za ta iya ba. Ba wai tana tsammanin za su kore ta ba ne. Murmushin nan take tsoro, da tambayar da ke biyo bayansa.

Washegari ta ɗebi dabino ta tafi wurin Uwaisu Lawal, wani ɗalibi daga Najeriya da ke ƙarasa digiri na biyu a wata jami'ar Musulunci, shi kaɗai aka sani da Hausa a ƙungiyar. Ta yi masa bayani da Larabci kamar yadda ta saba. Uwaisu mutum ne mai fara'a da yawan gaisuwa, amma hankalinsa ya riga ya koma gida. Ya baro amarya a Zariya, ga shi ya gaji da kisra, siririyar wainar dawar nan ta Sudan, mafarkin tuwon shinkafa yake yi. Ya ce shi dai ba ya son ƙungiya ta yi asara, bari ya je ya ga mutanen tukuna kafin ya yanke shawara. Wafa'a ta roƙi Munira ta raka shi Jabal Awliya, tunda ba haflar da ba ta san inda take tsayawa ba.

Suka isa da hantsi. Ƙanshin soyayyen kifi ya cika ƙasan madatsar ruwa, kwale-kwale a jere a bakin Farin Nilu. Aka nuna musu dattijon masunta, Baba Idirisu, yana zaune a inuwa yana ɗinke raga. Munira ta ja lafaya ta rufe rabin fuska, ta koma gefe ta tsaya. Uwaisu ya durƙusa ya zuba gaisuwa irin ta can gida, ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya iyali, yaya ƙoƙari. Tsoho ya washe baki, ya ce rabonsa da jin Hausa mai maiƙo haka tun rasuwar mahaifinsa. Nan take ya sa aka kawo kifi.

Da Uwaisu ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Sai ya zaro takardun tambayoyinsa, ya gyara zama, ya soma daga ta farko kamar yadda aka koya masa a aji, har ya ƙara mata gishiri don zumunci.

"To Baba, ku asalinku mutanen ina ne? Kuma kuna da niyyar komawa gida wata rana?"

Hannun tsoho ya tsaya cak a kan raga, fara'ar nan ta ɗauke. Ya amsa da Larabci, a gajarce, ya ce shi ɗan Sudan ne, an binne ubansa can bayan bishiyoyin nan, in takarda ake nema a je ofis. Ya soma naɗe ragarsa. Uwaisu ya rasa abin da ya ɓata. Shi a ransa ɗan'uwa yake tambaya labarin gida. Bai san cewa tsohon ya sha jin tambayar nan ba, a layin neman takardar ɗan ƙasa, a cikin mota, har daga bakin mutanen da kakansa ya riga kakanninsu zuwa wurin.

Munira kuwa ta sani, ta san nauyin tambayar tun a ƙofar jami'a. Ta ga tsoho zai miƙe, ta ga gurbin ƙungiya zai bi ruwa, sai kawai ta ji bakinta ya buɗe.

"Baba, a yi masa haƙuri. Baƙo ne, bai san inda ke mana ciwo ba."

Hausa ce ta fito, irin ta unguwa. Tunda ta riga ta fito, sai Munira ta matso ta zauna a ƙasa, ta taɓa ragar, ta ce, "Wannan ɗauri ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. Wa ya koya maka?"

Tsoho ya dube ta da kyau. "Ke kuma 'yar wa ce, ya binti, 'yata?"

"'Yar Ummi mai goro, ta Omdurman."

"La'ilaha illallahu! Ummin da ta kawo mana goron auren Rahmatu? Ke ce 'yar mitsitsiyar nan mai riƙe mata gefen zane?"

Ya warware ragar da ya naɗe. Ya ce ɗaurin ubansa ya koya masa, shi kuma uban ya koya wurin kakan da ya taho daga wajen Yawuri, masunci ɗan masunci, wanda ya ga Nilu ya ce kifin nan bai kamata a wuce shi haka nan ba. Abin da aka tambaye shi ɗazu ya ƙi faɗa, yanzu shi da kansa yake zuba shi ba a tambaye shi ba. Kafin azahar mata sun fito daga gidaje sun kewaye Munira, wannan tana tambayar gwiwar Hajja Ummi, waccan tana faɗa mata yadda 'ya'yansu suka daina amsawa da Hausa. Uwaisu yana gefe da takardu a kan cinya, kifi ya huce a gabansa, baki a sake.

Suka hau hafla suka kamo hanyar komawa, har aka wuce unguwar Kalakla. Can Munira ta sunkuya ta ce a hankali, da Hausa tunda ba sauran amfanin ɓoyo, "Don Allah, ƙanena, abin da ka ji ya tsaya a bakin ruwa."

"Haba Yaya Munira," in ji Uwaisu. "Ashe duk watannin nan da nake kokawa da Larabci a gabanki, ina haɗa gumi, kallona kawai kike yi?" Ya yi dariya, sannan ya gyara fuska. "Ni dai ba zan karɓi aikin nan ba. Naki ne, kin ga yadda na kusa ɓata shi da tambaya ɗaya. Ba zan tona ki a taro ba, amma kada ki sa ni alkawarin yin shiru har gurbin ya wuce."

Ranta ya ɓaci. "Kai jirgi za ka hau ka tafi wurin amaryarka. Ni ce zan zauna da su."

Ta sauka a tasharta ko sallama ba ta yi masa ba.

Kwanakin da suka biyo baya Munira ba ta da daɗin zama. Ta sake jefa sanarwar a zauren WhatsApp, ba wanda ya ce ga ni. Ledar dabino tana rataye a ƙusa, ba ta da wanda za ta kai wa. Muntasir ya ce tunda ya aure ta bai taɓa ganin takalminta ya kwana biyu a wuri ɗaya ba, ko za a kira mai magani? Ko murmushi ba ta yi masa ba.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin taron wata, ta dawo daga makaranta da la'asar a gajiye, kai na sara mata. Ta sami Hajja Ummi, da yake gida ɗaya suke zaune, a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, tana ɓara wani ƙaton farin goro. Kamar kullum uwar ta miƙa mata ɓari ɗaya, ita kuma kamar kullum ta jefa a baki tana kwance lafaya. Sai da ɗacin ya gauraye bakinta Hajja Ummi ta ce, "Kin ci ba ki tambaya ba."

Munira ta tsayar da tauna. A lokacin ne ta lura da takalman baƙi a ƙofar ɗakin zama, na namiji da na mace.

"Goron mene ne, Inna?"

"Na tafiyarki Kano. Halas, shi ke nan, kin riga kin ci."

Labule ya ɗaga. Uwaisu ya fito kai a sunkuye kamar wanda aka kama da hannu a tukunya, Duktura Wafa'a tana biye da shi. Ashe Uwaisu Jabal Awliya ya koma, ya nemi gafarar Baba Idirisu, ya karɓi kwatancen gidan Ummi mai goro. Da safen nan ya zo da goronsa neman shawara, kuma tsohuwar ce da kanta ta ce ya je ya ɗauko mata shugabar.

Wafa'a ta zauna a tabarma, ta dafa kai. "Munira, ni fa littafi guda na rubuta a kan zaman maƙwabtaka a Omdurman. Ƙungiya guda ta masana zamantakewa, aikinmu ke nan lura da mutane, shekara da shekaru muna cin dabinonki, ba wanda ya taɓa tambayar inda kika koyo wannan al'ada. Wallahi in labarin nan ya fita sai an karɓe mana takardun digiri." Ta yi dariya har da tafa hannu, sannan dariyar ta tsaya, idonta ya kawo ruwa. "Amma na ji zafi. Na ɗauka ni ƙawarki ce."

"Ke ƙawata ce," in ji Munira. "Tsoro na ji." Ta ba ta labarin ƙofar jami'a, labarin da ko Muntasir bai taɓa ji ba. Da ta faɗe shi a fili sai ta ga ashe gajere ne, bai kai girman wurin da ya ci a ranta ba.

Hajja Ummi ba ta katse su ba sai da suka gama. Sannan ta ce da Hausa, "Na daɗe da sanin kina goge bakinki kafin ki fita. Ban ce komai ba, amma ya yi mini zafi, ya binti. Ni ban taɓa ganin Kano ba, ba kuma zan gani ba, gwiwa ta ƙare. Tunda kakana ya taho ba wanda ya koma ya ba da labarinsa. Ki je ki gaya musu mun iso lafiya."

Munira ta fashe da kuka, goro a baki, tana kuka tana dariya. Wafa'a ba ta ji abin da aka ce ba, amma ita ma ta taya ta. Muntasir ya shigo ya tarar da mata suna share hawaye, Uwaisu yana kallon darbejiya. Da aka yi masa bayani ya ce alhamdulillahi, yau dai an sami tafiyar da ba a kan takalmi za ta ƙare ba.

Ranar taro an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, 'yan ƙungiya suna ta fifita da takardu a ɗakin da suke haya a Khartoum. Munira ta shigo da faifan uwarta a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a kan tebur. Cin goro a gida daban, tsayuwa a gaban mutane daban. Ta soma da labaran da aka saba. Akwai taron bita a kan yaran da ke barin makaranta, ana neman masu tattara bayanai a sababbin unguwannin Soba, mujallar ƙungiya tana jiran maƙalu kuma edita ya gaji da alkawari, Nabila ta asibiti ta haihu. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta ajiye takardar.

"Jama'a, barkanku da yamma," ta ce da Hausa. "Ina gajiya?"

Masu fifita suka tsaya. Uwaisu kaɗai ya amsa, da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Sai ta koma Larabci ta faɗa musu ko ita wace ce, 'yar wa ce, daga ina al'adar dabino ta fito, ta ce tana neman gurbin nan da kanta in sun yarda. Tunda ta hau kujerar ba ta taɓa ambatar sunanta a cikin sanarwa ba sai ranar.

Wafa'a ce ta fara tafi, Nabila ta rangaɗa guɗa da jariri a kafaɗa, ɗaki ya ɗauka. Ba kowa ba, gaskiya. Akwai wani a layin gaba da ya yi murmushin nan, ta gan shi sarai, ta jira zuciyarta ta tsinke, sai ta ji ba ta tsinke ba. Ta yaye tsumma ta soma zagayawa da faifai. Malaman jami'a suka yi wa goro irin cin da suke wa dabino, kowa ya jefa a baki. Kan ka ce kwabo fuskoki sun yamutse, wani yana tari, wani yana neman inda zai tofar cikin mutunci. Wafa'a ta ce a kawo ruwa, ta kurɓa, ta zaro ido ta ce wa ya sa sukari a ruwan nan? Munira ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba a wajen gida.

Can baya kusa da taga, Ustaz Hussein yana zaune bai yi tafi ba, bai kuma yi dariya ba. Da faifai ya iso gabansa ya miƙo hannu biyu kamar kullum, ya zaɓi ja, ya juya shi yana kallo. Ya sa farcen babban yatsa a tsagar, ya ɓara shi gida biyu ba tare da ya duba ba. Ya ɗago kai, ya ce da wata Hausa mai tsatsa, wadda da ji ta daɗe a ajiye, "Goron mene ne, 'yata?"

Faifai ya kusa faɗuwa daga hannun Munira. Shekara da shekaru yana tambayarta, ita ce ba ta ji ba.

"Na tafiya Kano ne, Baba."

"To, in kin je ki tambaya mini wani gari, Ɗambatta. Kakata ba ta da hira sai tasa." Ya share ido da bayan hannu. "Kuma in kin soma binciken, ki fara da gidana."

Ya kai ɓarin goron baki ya tauna a hankali, fuskarsa ko gezau.